Ƙarin da Aka Cire

"Ki bari ya ga jininsa tukuna!" in ji Umma.

"Idan ya mutu kafin nan fa, Umma?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Ɗan nawa kike yi wa fatan mutuwa?"

Ina zaune a bakin gado, hannuna riƙe da wayar wani da na kasa gyarawa tun safe. Uwata a tsaye bakin ƙofa, matata a durƙushe gabanta. A kaina suke faɗa, amma ba wadda ta dube ni.

Ƙari aka gano a marainana. Ɗaya gare ni, ɗayan ya murɗe tun ina yaro aka cire. Likita ta ce hoto bai nuna mata ko ciwon daji ba ne, jini ma bai faɗi komai ba. Sai an cire an kai ɗakin gwaji. Idan an cire kuwa, ni da haihuwa har abada.

Ni kaɗai Umma ta haifa. Aurenmu ko shekara bai yi ba.

"'Yan watanni kawai nake roƙo," Umma ta sassauta murya. "Ki samu ciki, sai su yanka abin da za su yanka."

Da ta fita, Gimbiya ta rarrafo ta ɗora kanta a gwiwata. Haka nake kiranta tun muna makaranta.

"Rabin raina... kai na aura, ba 'ya'yanka ba."

"Yau kike faɗin haka."

"Gobe ma zan faɗa! Ka ga yadda kake ramewa? Wandonka ma igiya yake nema."

"Girkinki ne."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Don Allah ka je a yi. Ba zan iya rainon maraya ina kallon fuskarka a jikinsa ba."

Na bi maganarta. Ranar da aka shiga da ni tiyata Umma ba ta zo ba. Bargo ta aiko.

Na warke. Na koma rumfar gyaran waya, abokan aiki na tsokanata wai amarya ta hana ni fitowa. Ina murmushi, ina ƙona yatsa da dalma. A gida Umma ta daina amsa gaisuwar Gimbiya, sai ɗaga kai.

Sakamako ya daɗe. Wai ɗakin gwajin farko sun kasa gane irinsa, sai da aka tura wani wuri.

Ranar da aka kira mu, likita ta tarbe mu da fara'a. Ta juyo mana da kwamfuta. Wasu ɗigo-ɗigo ne ja da shuɗi, kamar zanen atamfa.

"Albishirinku! Ba ciwon daji ba ne."

Gimbiya ta damƙe hannuna. "Alhamdu lillahi!"

"Irin wannan ƙarin ba kasafai ake samunsa ba," in ji likita. "Tunda na fara aiki ban taɓa ganinsa da idona ba. Ba ya yaɗuwa, a hankali yake girma."

"A hankali?" na ce.

"Sosai."

"Da na jira fa?"

Ta gyara gilashinta. "Ba mu da hanyar sani a lokacin..."

"Likita, da na jira?"

"Da wataƙila ba abin da zai faru."

Hannun Gimbiya ya saki nawa.

Likita ta ci gaba da magana. Tana neman izinina su yi rubutu a kaina, ba suna, ba fuska, don na bayana su amfana, a riƙa yanke ƙarin kaɗai a bar sauran. Na ce su rubuta. Me ya rage da zan hana su?

A kan matakalar asibiti Gimbiya ta sha gabana.

"Ka yi magana mana. Ka zage ni ma!"

"Me kika yi?"

"Ni na sa ka."

"Ni na kwanta aka yanka."

"To dube ni ka faɗa."

Na dubi wani mai shara yana tura bokiti.

"Mu ce wa Umma daji ne," na ce. "An cire, an huta. Shi ke nan."

"In zauna da ita kullum a kan ƙarya?"

"Idan ta ji gaskiya ba za ki zauna ba sam."

"Kai fa? Kai da ka ji?"

Na tsayar mana da mota.

Mun tarar da Umma a tsakar gida kan darduma, carbi a hannu. Tun safe take azumi, leɓenta ya bushe. Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango. A karon farko tun bayan aikin, Umma ta fara duban Gimbiya, ba ni ba.

"'Yar nan, ke ba kya ɓoye mini. Me likitar ta ce?"