Ba Iskokin Daji Ba Ne

A zamanin Turawa, an yi wani yaro a wani ƙauye kusa da Tabanni. Yana aji huɗu a makarantar elementare. Yaron yana da kai sosai. In aka ba da lissafi, kafin sauran yara su gama goge allo shi ya gama.

Amma yana da wani hali guda. Bai iya ganin abin maiƙo ya kau da kai ba. Kakarsa takan tsokane shi ta ce, "Wannan miji nawa, ko a ƙauyen gaba aka soya nama sai hancinsa ya gaya masa."

A wannan shekara malaminsu, Malam Usman, ya zaɓi yara biyu. Za su je Birnin Gwari su yi jarrabawar shiga makarantar Midil ta Zariya. Ɗaya shi ne yaron nan. Ɗayan kuma abokinsa ne Yero, ɗan wani makiyayi. Jarrabawar sau ɗaya tak ake yin ta a shekara.

Baban yaron bai so ba da farko. Manomi ne, kuma yaron ne babba a 'ya'yansa. Malam Usman ya yi ta zarya gidan har sai da ya yarda.

"To, Malam, na yarda," in ji Baba. "Amma sau ɗaya. In ya ci, Allah ya sa albarka. In bai ci ba, ga fartanyarsa nan tana jiransa."

Kaka ita ba ta yarda ba ko kaɗan. Ta ce, "Dajin nan ba a ratsa shi da yaro. Akwai mutanen ɓoye a ciki. Ni dai na faɗa."

Ranar tafiya suka fita da sassafe, su uku, a ƙasa. Suka shiga daji. Suka wuce kaɗanya da ɗorawa, suka ƙetare rafi biyu. Birai suna ta leƙensu daga kan itatuwa. Da rana ta take suka zauna a inuwa, suka shanye furar da suka yi guzuri.

Sai la'asar suka isa Birnin Gwari. Ƙafafunsu sun yi fururu da ƙura, yunwa kuma kamar ta kashe su.

Malam ya kai su bakin tasha, inda motoci suke tsayawa. Nan masu abinci suka jera rumfunansu. Yaron ya tsaya baki buɗe. Bai taɓa cin abincin saye a rumfa ba. A gida, abin da aka ajiye maka shi za ka ci. Yau kuwa ga abinci iri-iri.

"Zan je in ba da sunayenku a makaranta, in nemo mana masauki," in ji Malam. "Ku ci inda kuke so, in na dawo zan sallami mai abincin. Amma ku ji da kyau. Ku ci abu mai zafi, wanda yake a rufe. Ku wanke hannu. Kada ku cika wa cikinku mai, gobe kuna da aiki."

"To, Malam," in ji su.

Rumfar farko ta wata dattijuwa ce, Inna Asama'u. Tana kwashe tuwon dawa, tururi yana tashi. Ga miyar taushe da kabewa da alayyafo tana tafasa a kan murhu. Kowane akushi ta rufe shi da faifai. A bakin rumfar akwai ƙwarya da ruwan wanke hannu.

Yero ya ce, "Mu zauna nan."

Yaron ya taɓe baki. "Tuwo? Na baro tuwo a gida, in yi tafiyar yini guda, in zo birni in sake cin tuwo?"

Hancinsa ya riga ya ja shi gaba. Can ƙarshen layi akwai wani mai suya, Labaran. Yana da babban kasko, man ciki ya yi baƙi ƙirin don yawan soye-soye. A gefe ga tulin nama da kitse da kayan ciki a kan faranti, ba murfi. Sun huce tun tuni. Ƙudaje suna ta hidimarsu a kai.

"Samari, ku matso!" in ji Labaran. "A nan ake gyara. In na zuba maka biyar, sai in ƙara maka biyar kyauta."

Idon yaron ya yi waje. Shi ya san gyara. In ka sayi gyaɗa, mai gyaɗa yakan ɗan ƙara maka 'yar kaɗan a kai. Amma gyara daidai da abin da ka saya? Wannan bai taɓa gani ba.

Yero ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya. "Kai, aboki, naman nan ya kwana. Dubi launinsa. Ni a cikin dabbobi na tashi, na san nama."

"Ai an soya shi."

"An soya jiya. Me ya sa yake gyara haka? Baffana yakan ce banza ba ta kai zomo kasuwa."

"Kai dai je ka ci tuwonka," in ji yaron.

Gaskiyar Yero ce. Labaran ba mugu ba ne. Ciniki ne ya ƙi tun jiya, shi kuma yana so ya rabu da naman kafin ya zubar. Amma yaron bai tsaya tunanin wannan ba. Ko hannu bai wanke ba, ya zauna ya kama ci.

A loma ta uku ya ji wani ɗan tsami-tsami. Ya ɗan dakata. Sai ya dangwali yaji da yawa, tsamin ya ɓace. Ya cinye na saye, ya cinye gyara, ya suɗe yatsu. Sannan ya ɗebi ruwa a wata buɗaɗɗiyar randa ya kora.

Da Malam ya dawo, ya tarar da Yero a rumfar Inna Asama'u. Ya hango ɗayan a wurin Labaran, baki yana ƙyalli. Ya dubi farantin, ya dubi yaron, ya girgiza kai.

"Haka na ce maka?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

"To, abin da ya shiga ciki ya shiga," in ji Malam. "Allah ya sa mu ga alheri."

Da gari ya waye, cikin yaron ya fara ƙugi. Kafin su karya kumallo ya zaga sau biyu. Malam ya tambaye shi, ya ce ba komai. Tsoro yake ji kada a hana shi shiga jarrabawa.

Aka tara yara a babban aji. Wani Bature mai duba makarantu ya zauna a gaba, da agogonsa a kan tebur. Wani malami ya tsaya ya yi bayani. Ya ce, "Ku saurara. Wanda ya fita daga ɗakin nan, ba ya dawowa. Doka ce."

Aka raba takardu. Yaron ya duba tambayoyin, zuciyarsa ta yi fari. Duk ya san su! Ya yi ta farko. Ya yi ta biyu. Yana cikin ta uku sai ciki ya murɗa.

Ya cije baki, ya matse ƙafafu. Zufa ta keto masa. Lambobi suka fara haɗuwa a idonsa. Ya daure, ya ƙara daurewa. Ciki kuwa ba ya jin lallashi.

A ƙarshe ya ɗaga hannu, ya tashi, ya fita da gudu.

Da ya samu sauƙi ya dawo, ya tarar ƙofa a rufe. Ya zauna a gindin wani mangwaro a bayan aji. Ta taga yana jin ƙarar alƙaluman 'yan'uwansa. Ga amsoshin duk a kansa, ba inda zai rubuta su. Ya haɗa kai da gwiwa ya yi ta kuka. Wallahi, ko maƙiyinsa ne ya gan shi ranar sai ya tausaya masa.

Malam Usman bai yi masa faɗa ba. Ya kai shi ɗakin shan magani, malamin asibiti ya ba shi magani. Kwana biyu suka ƙara a garin saboda shi.

Inna Asama'u ta ji labari. Kowace safiya sai ta dama masa kunun tsamiya mai zafi. Da ya fara jin ƙarfi, ta zuba masa tuwo mai laushi da miyar ganye.

"Ci a hankali, jikana," in ji ta. "Ba kai ne farau ba. Na ga manyan direbobi sun kwanta a tashar nan saboda naman kwana."

"Inna, ƙamshinsa ne ya ja ni."

Ta yi dariya. "Hanci ba shi zai sha wahala ba, ai. In ka je wurin mai abinci, ko ni ce, ka fara duba tukunya. Tana kan wuta? A rufe take? In ka ga ƙuda ya riga ka, bar masa."

Rana ta uku suka kama hanyar gida. A bakin ƙauye Malam ya ce, "Ni ba zan ce komai ba. Kai za ka gaya wa babanka abin da ya faru."

Amma labarin ciwon cikinsa da rasa jarrabawar ya riga su isa ƙauye. Da yaron ya shiga gida, ba a ma bar shi ya buɗe baki ba. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Kaka tana ganinsa ta ɗora hannu a ka.

"Ban faɗa ba? Yaro ya fita lafiya lau, ya ratsa daji, washegari ciki ya kama shi! Mutanen ɓoye ne suka shafe shi."

Maƙwabta suka shigo, kowa ya ce haka ne. Aka turara masa turare. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Kowa yana ta "sannu, sannu". Ba wanda ya ga laifinsa. Yaron ya yi shiru abinsa. Maganar gaskiya, shirun ya yi masa daɗi.

Da yamma Baba ya zo ya zauna kusa da shi. Ya dafa kansa ya ce, "Kada ka damu, ba laifinka ba ne. Amma ba za ka sake ratsa dajin nan ba. Ranka ya fi mini Midil. Maganar karatun Zariya ta ƙare."

Yaron ya shiga tunani. In ya yi shiru, ba wanda zai zarge shi, amma karatu ya tafi ke nan. In ya yi magana, duk ƙauye za su ji cewa kwaɗayi ne ya kayar da shi. Kuma ko ya faɗa, ai Baba ya riga ya ce sau ɗaya.

Washegari ya bi Baba gona. Suna cikin noma sai ya ajiye fartanya.

"Baba, ina da magana."

"Ina jin ka."

"Ba iskokin daji ba ne. Naman kwana na ci a tasha. Malam ya gargaɗe ni, Yero ma ya hana ni. Na ga gyara da yawa, na kasa haƙuri. Har na ji tsami, na ƙara yaji na ci gaba." Hawaye suka zubo masa. "Ka yafe mini, Baba."

Baba ya tsaya, ya dafa ƙotar fartanya. Yaron yana jiran faɗa.

"Yau ka sauke mini kaya," in ji Baba. "Jiya ko abinci ban iya ci ba, ina tunanin yadda zan yi da iska. Iska ba ni da maganinta. Kwaɗayi kuwa, mai shi ne yake da maganinsa. Za ka iya?"

"Zan iya, Baba."

"Na ce sau ɗaya, ban manta ba. Amma wannan karon ba kai ka yi jarrabawa ba, cikinka ne ya yi. Baɗi kai za ka je ka yi."

Murna ta kama yaron. Ya durƙusa a cikin kunyar gona yana ta godiya.

Da Kaka ta ji, ta riƙe haɓa. Sannan ta fashe da dariya har da tafi. "Ashe aljanin a cikin kasko yake! Ni kuwa na ƙarar da turarena a banza!"

Shekarar ta yi wa yaron tsawo. Yero ya ci jarrabawa ya tafi Zariya, shi kuwa ya sake zama aji huɗu tare da ƙannensa. Yara sun tsokane shi, ya daure. Da lokaci ya zagayo ya koma Birnin Gwari, ya zauna lafiya tun daga tambayar farko har ta ƙarshe. Da sakamako ya fito, shi ne na ɗaya a cikin yaran ƙasar Birnin Gwari.

To, yara, kun ji. Loma kaɗan ta ci masa shekara guda. In kun je cin abinci a waje, kada ku bi ƙamshi ko yawa. Ku zaɓi mai zafi, mai tsabta, wanda zai ƙara muku lafiya. In kuwa kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya, don sai an san ciwo ake samo maganinsa.