Simintin Gada Da Ya Zama Dutse

A wani ƙaramin gari da ke bakin rafi, yau babu tsohuwa mai sayar da daddawa, babu kuma gadar da ta yi ta jira.

Ɗanta shi ne sarkin gayya. In ya sa aka buga ganga, kowa sai ya fito aiki. Wata shekara gwamnati ta ba garin tallafin siminti da rodi, ta ce su haɗa hannu su gina gada da kansu. Aka jibge kayan a rumfar kara.

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, kira gayya mana. Na gaji da ratsa ruwa ranar kasuwa."

Ya ce, "Inna, bari a gama girbi."

Aka gama girbi, ta ce, "Ɗan nan, kira gayya."

Ya yi dariya. "Inna, bari a gama bukukuwa. Siminti ai ba ya gudu."

Ana nan damina ta faɗi, rumfa ta yi ta yoyo. Wata ranar kasuwa rafi ya kawo. Tsohuwa ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga ruwa kamar kullum. Ƙwaryar kaɗai aka tsinta can gaba, a cikin ciyawa.

Bayan zaman makoki ɗan nata ya sa aka buga ganga, gari duka ya fito. Aka farke buhunan, sai ga siminti ya zama dutse. Sarkin gayya ya zauna a kai.

Yara, ku ɗaga hannu mu taya shi addu'a: Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ku ce amin.