'Yan Rakiyar Mai Taswira

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Mai Taswira ya rufe kwamfutarsa, ya ce bari ya sauka sito ya ɗauko kwali ɗaya. A lissafinsa aikin minti biyar ne.

Sana'arsa ce ta ba shi wannan suna. Taswirar ƙasashen da babu su a duniya yake zanawa, ya ƙirƙira musu ƙabilu da sarakuna da yaƙe-yaƙe, wani ƙaramin kamfani ya buga a littafi. Masu saye sai su kewaye tebur su huɗu ko biyar, kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi, mutum ɗaya yana jan labarin, ana jefa ƙwayar lido don a ga wanda sa'a ta bi. Wasa ne na taro. Amma shi mai rubuta shi, shekara biyu ke nan bai zauna a tebur da kowa ba.

Da can su biyar ne, kowace Asabar. Aure ya ɗauke ɗaya, aiki ya ɗauke biyu. Na huɗun ƙaninsa ne, Auta, wanda ke murza musu 'yan mutum-mutumin wasan da yumɓu, mai dariya har sai ya ƙware. Auta ya samu aiki a wani gari, ya kama ɗaki shi kaɗai. A ɗakin ya rasu. Sai da ya kwana uku kafin maƙwabta su ɓalle ƙofa.

Mai Taswira bai taɓa yin zancen da kowa ba. Yayarsu ta kira har ta gaji. Abin da ya yi shi ne ya zauna a ofishinsa na hawa na uku, ya fara rubuta wata sabuwar ƙabila don littafi na gaba. Ya kira su 'Yan Rakiya.

Ɓeraye ne masu tafiya da ƙafa biyu, tsayinsu iya ƙugun mutum. Mutuwa ce kaɗai abin da suke girmamawa. Ba sa ƙirga shekarun da mutum ya yi, sai kwanakin da suka rage masa. Suna yafa tsummokaran likkafani, suna shafa kafur. Ba sa riƙe makami, ba sa kashe kowa. Aikinsu ɗaya ne: idan suka sansano wanda zai mutu ba kowa a kusa, sai su zo su bakwai su zauna kewaye da shi. Kafin ya cika, su karɓi makullin ɗakinsa su rataya a wuya. Babbarsu tsohuwa ce, Uwar Makullai, wadda nauyin makullai ya ranƙwafar da ita.

Shafi ɗaya ne ya gagare shi. Editan kamfanin ya tambaye shi sau biyu, "To idan suka kewaye ɗan wasa, ta yaya zai kuɓuta?" Bai san amsa ba. Ya ce a ransa wataƙila idan ya murza siffar ɗaya daga cikinsu da hannunsa, amsar za ta zo. Kayan aikin Auta kuwa suna sito, cikin kwalin da bai buɗe ba tun ranar da aka kawo.

Duk ofisoshin benen an tashi. A bakin ƙofar waje Baba maigadi na zaune a bencinsa, rediyo na ƙara ƙasa-ƙasa a gefensa. Shekara da shekaru gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu ba.

"Malam, ƙasa za ka?" in ji tsohon.

"E, Baba. Yanzu zan fito."

"Magariba ta kawo kai fa. Da ka bari sai gobe."

"Ba daɗewa zan yi ba."

Matakala goma sha huɗu ce zuwa ƙasa. Ya tura ƙofar ƙarfen da ke samansu, ta yi ƙara kamar mai ciwon haƙori, ya sauka. Ƙwan lantarki ɗaya ne a rataye, haskensa rawaya. Wurin na warin danshi da tsohuwar takarda. Wani famfo na ɗiga a lungu. Ya ratsa karyayyun kujeru da tarin fayil-fayil har ya kai bangon ƙarshe.

Kwalin na nan. Ya yanke igiyar, ya buɗe.

Ga 'yan wuƙaƙen sassaƙa. Ga burushi duk sun ƙafe. Ga wani dunƙulen yumɓu da ya bushe ya zama dutse, da shatin babban yatsan Auta a jikinsa. Mai Taswira ya ɗora nasa yatsan a kan shatin. Nasa ya fi girma kaɗan.

Bai san lokacin da ya zauna a ƙasa ba. Ya jingina da bango, yumɓun a cinyarsa. Hawayen da suka ƙi zuwa ranar jana'iza suka zo yanzu, ba sallama. Ya bar su. Ai babu mai gani.

Ya daɗe a haka. Sai ya lura famfon ya daina ɗiga.

Ya saurara. Ko rediyon Baba ba ya ji.

Wani ƙamshi ya fara danne warin danshin. Mai sanyi, mai shiga hanci har ƙwaƙwalwa.

Kafur.

Ya goge fuska, ya ce a ransa wani ne ya ajiye a cikin kaya saboda asu. Ya yunƙura zai tashi.

Cas.

Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, can bayan kujeru. Ƙarama ce.

Cas. Cas.

Irin ƙarar da tarin makullai ke yi idan mai su yana tafiya a hankali.

"Baba?" ya ce. Muryarsa ta fito siririya.

Hasken ƙwan ya ragu, ya koma ja kamar garwashi. Daga ƙarƙashin wani tebur wani abu ya fito. Hanci ne ya fara bayyana, dogo, yana motsi. Sai gashin baki fari fat. Sai tsumma mai launin ƙasa. Ta miƙe a kan ƙafa biyu, a ranƙwafe, makullai tun daga wuyanta har gwiwa.

Na biyu ya fito. Na uku. Wutsiyoyinsu na jan ƙura.

Bai ƙirga ba. Ya san bakwai ne.

Tsohuwar ta tsaya a gabansa. Idanunta baƙi ƙirin, babu fushi a ciki ko kaɗan. Ta ɗan rusuna.

"Sannu da saura," ta ce da raɗa.

Gaisuwarsu ce. Jiya ya rubuta ta, kuma babu mahalukin da ya karanta.

Suka zauna. Ɗaya bayan ɗaya, suka naɗe ƙafafu, suka kewaye shi. Ɗaya ya gyara masa bakin wando. Wata ta ɗauke kwalin daga gefensa ta ajiye a hankali, kamar mai gudun tada jariri.

Sanyi ya kama yatsun ƙafarsa. Ya haura idon sawu. Ya ce wa ƙafafunsa su motsa, suka ƙi.

Abin da ya fi ba shi tsoro ba sanyin ba ne. Daɗin da ya ji ne. Shekara biyu babu wanda ya zauna kusa da shi haka, shiru, ba ya neman komai.

"Kun je wajen ƙanina?" ya ce.

"Lokacin ba ka yi mu ba," in ji tsohuwar. "Shi kaɗai ya tafi."

Ya runtse ido.

Sanyin ya kai gwiwa.

"Ban yi rashin lafiya ba," ya ce. "Kun yi kuskure."

"Hanci ba ya kuskure. Tun bara muke jin ƙamshinka." Ta miƙo tafin hannu, ruwan hoda, mai dogayen farata. "Makulli."

Hannunsa ya shiga aljihu da kansa. Yana kallo ya fito da makullin ɗakinsa, zoben a maƙale a yatsarsa. Ta kama bakin makullin. Ba ta ja ba.

"Sai mun tambaya," ta ce. "Wa ke jiranka?"

Wannan bai rubuta ba.

Ya tuna ɗakinsa. Kofi ɗaya. Faranti ɗaya. Fankar da yake bari a kunne don ya tarar da motsi.

"Wa ke jiranka?"

"Yayata," ya ce.

Hantuna bakwai suka ɗaga sama suka shinshina. Wani ya girgiza kai.

"Ta daina jira tun watanni takwas da suka wuce," in ji tsohuwar, cikin tausayi. "Kai ka koya mata."

Sanyin ya kai ƙirji. Numfashinsa ya gajarta. Ƙwan lantarkin saura ɗigon ja.

"Na ƙarshe. Wa ke jiranka?"

Ya buɗe baki. Kalmar na kan harshensa, gajeriya, mai sauƙi.

Babu.

Ƙofar ƙarfe ta yi ƙara a sama. Bam. Bam. Bam.

"Malam!" Muryar tsoho, a shaƙe, da ɗan faɗa a ciki. "Malam, wai me kake yi ne? Kai nake jira!"

Makullan duka suka yi tsit.

Hantunan suka juya wajen matakala.

"Gaskiya ne?" wani ya raɗa.

Tsohuwar ta daɗe tana shinshinawa.

"Gaskiya ne," ta ce. Amma ba ta saki makullin ba. "Jiran maigadi ne. Gajere ne. Zai gaji."

Ta fara ja.

Ya ja shi ma. Zoben ya nutse a fatar yatsarsa. Jini ya ɓullo, mai ɗumi. Ɗumin ne ya farkar da shi.

"Baba!" Ihun ya fashe daga ƙirjinsa. "Baba, kada ka tafi!"

"Ina zan je?"

Ya fizge. Farata suka karce bayan hannunsa. Ya faɗi rub da ciki, ya ratsa tsakanin biyu daga cikinsu, gashinsu ya goge shi a kumatu, jiƙe, sanyi ƙalau. Ƙafafu ba sa aiki. Da gwiwar hannu ya ja jiki.

Matakala ta ɗaya. Ta biyu.

Cas, cas, cas, a bayansa. Ba gudu suke ba. Rakiya suke.

Ta bakwai. Wani abu ya riƙe takalminsa. Ya bar masa takalmin.

Hasken tocila ya dalle shi. Hannu mai kaushi ya cafki wuyan rigarsa, ya finciko shi waje. Ƙofar ta rufu. Kwaɗo ya datse.

A kan benci Baba ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa a kofinsa, ya yage bakin wani ƙyalle ya ɗaure masa yatsa. Ana ta wucewa a titi, motoci sun kunna fitilu. Mai Taswira ya ba da labarin duka, a hargitse. Tsohon bai yi dariya ba.

"Mutanen ɓoye ba su da kama tasu, ɗana," ya ce. "Rigar da ka ɗinka musu ita suke sawa. Kai kuma ka zauna ka ɗinka musu har da aljihu."

"Me ya sa ba ka kulle ka tafi ba?"

"Na ga ka sauka, ban ga ka hau ba." Ya kashe rediyon. "Ni ma babu mai jirana a ɗaki. Shi ya sa na iya jiran mutane."

Washegari Mai Taswira ya kira yayarsa. Ta yi masa faɗa na minti goma, sannan ta fashe da kuka. Ya so ya goge babin 'Yan Rakiya gaba ɗaya, Baba ya ce rigar da aka riga aka sa ba ta komawa wurin tela. Sai ya cike shafin da ya rage, ya rubuta cewa wanda ake jira ba nasu ba ne, ya aika. Yatsu biyu na ƙafarsa ta hagu ba su sake yin ɗumi ba, ko a tsakiyar zafi. Sito kuwa bai ƙara taka shi ba. Kowace yamma yakan sauko da kofi biyu, su zauna a benci har a kunna fitilun titi.

Bayan shekara guda ciwon ƙirji ya kwantar da Baba. Aka kai shi asibiti, babban ɗaki mai gado goma sha biyu. Da nas ta tambayi wanda ya kawo shi, Mai Taswira ya ce, "Ɗansa ne ni." Kwana huɗu yana kan kujerar roba a gefen gadon.

A yammacin na huɗu, rana na faɗuwa, ya ji kafur.

Cas, daga ƙarƙashin gado.

Bai leƙa ba. Ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Akwai mutum a nan," ya ce a fili.

Sai ƙarar ta fara nisa, a hankali, tana bin bango. Baba ya buɗe ido ya dube shi, ya ɗan matse masa yatsu. Bai daɗe ba ya cika.

Mai Taswira ya shafe masa idanu, ya kira nas. Yana tsaye ana rufe Baba da mayafi ya ji ƙarar ta tsaya. A gadon ƙarshe ta tsaya, kusa da taga, inda wani mutum ke kwance fuskarsa ga bango. Kwana huɗun nan ko mutum ɗaya bai zo duba shi ba.

Ya share hawaye da bayan hannu. Ya ɗauki kujerarsa ya nufi can.