Dawakin da Yaƙi Ya Ci

A zamanin sarkin nan da ake wa laƙabi da Ba-a-ja-da-kai, damina tana tsakiyarta, wani madugu baƙo ya ɗauki alkawarin kawo wa fada dawakin yaƙi kafin kaka. Al'adar birnin kuwa, baƙo ba ya ƙulla alkawari da sarki sai ya bar mutum jingina, in ya saɓa a fille kan jinginar. Madugu ya bar wansa.

Yana dawowa da dawakin, abokan gāba suka tare shi a mashigin kogi, suka kwashe su kaf, suka wuce suka yi wa birnin ƙawanya. Madugu ya koma garinsu hannu rabbana, ya faɗi gaban alƙali.

"Kwantar da hankalinka," in ji alƙali. "A shari'armu abin da yaƙi ya ci ba a bin kowa. Ka fita."

"Allah gafarta malam, ni na fita. Yayana fa?"

Alƙali ya sunkuyar da kai, don shari'arsa iyakarta ganuwar garinsu.

Dangi suka yi ta ba madugu baki kada ya koma birnin, ya toshe kunne. Ya aske gemu, ya ɗauki damin ciyawa kamar mai yi wa maharan hidima, ya ratsa sansaninsu, masu tsaron birni suka jawo shi da igiya ta kan ganuwa.

A zauren fada, sarki na zaune bayan labule, Waziri ya saurare shi har ya gama.

"A garinku yaƙi uzuri ne," in ji Waziri. "Mu nan uzuri sai abin da ba a zata ba, ambaliya ko annoba. Wanda ya yi alkawarin dawakin yaƙi ai ya san yaƙi na tafe."

"Ranka ya daɗe, ban zo neman uzuri ba. Jingina madadin wa yake?"

"Madadin wanda ba ya nan."

"To, ga ni."

Sarki ya yi gyaran murya, maƙerin fada ya cire mari daga ƙafar wan, ya buga a ƙafar ƙanin.

"Kai tun kana yaro ba ka jin magana," in ji wan, yana kuka.

"Ka gaishe da Inna, Yaya."

Masu riƙe da labari sun ce an zartar wa madugu hukuncin tun ƙawanyar ba ta watse ba, wan kuwa ya koma gida ya tsufa. Har yau malamai na gardamar wace shari'a ta fi adalci. Ni gardamar haushi take ba ni. Guda ta wanke shi, guda ta kama shi, shi kuwa ya tako da ƙafarsa zuwa wadda ta riƙe masa ɗan'uwa.