Kan Injin Maikeli

Injin kwalekwalena ya buga ranar Talata, kuma ba a hannuna ba. Taubashina Waisake ne ya zo aro. A tsibirinmu ɗan'uwa ba ya roƙon abu ka ce masa a'a, sai na miƙa ina murmushin dole. Ya ɗura fetur zalla, bai haɗa da baƙin mai ba. Da la'asar aka jawo shi da igiya kamar akuya.

Na buɗe injin a gindin kwakwa. Fistan ya narke ya manne, ringi ya kakkarye, ƙaurin ƙarfe har maƙogwaro.

"Taubashi, gajiya ya yi, bar shi ya huta," in ji Waisake.

"Kai da kanka babu mai a ciki, ina za ka tuna da na inji?"

Ya yi ta dariya, ni kuwa kamar in haɗiyi zuciya. Matata Litiana cikinta wata tara, kuma nas ta ce ɗan a gicciye yake, dole sai asibitin Vunisea, awa biyu a teku. Na buga waya Suva, babban birni, suka ce kayan gyara sai jirgi mai zuwa, mako uku. Ɗaya kwalekwalen mai inji na ƙauyen ya tafi biki wani tsibiri, ba ranar dawowa.

Saura injin tsoho Maikeli, irin nawa sak. An tsinci kwalekwalensa yana yawo a teku babu shi a ciki, gawarsa ma ba a gani ba. Kayan mamaci ba a taɓa su sai an cika kwana ɗari, ranar kuwa sittin da ɗaya. Na san ko na kai wa dattawa saiwar yagona, wadda muke kai wa manya in za a roƙi alfarma, na durƙusa, jiƙawa za su yi su sha, su tafa hannu, su ce in yi haƙuri. Shi ya sa ban tambayi kowa ba.

Da magariba aka buga gangar coci, kowa ya tafi addu'a. Na ɗauki sifana na nufi rumfarsa a bakin ruwa.

Injin na rataye a jikin katako, an rufe shi da buhu. Babu tanki, babu tiyo. Wata biyu ba a taɓa shi ba.

Na ɗora hannu. Da ɗumi.

Na ce rana ce ta dake shi. Rumfar kuwa ganyen kwakwa ne, rana ba ta shiga.

Kan injin gaba ɗaya nake so, da igiyar tayarwa da komai. Ƙusa shida ke riƙe da shi. Biyar suka kwance, ta shida ta ci tsatsa ta ƙi. Na zage ta, na zagi Waisake, na zagi gishirin teku. Daga coci ana jiyo waƙa sama-sama.

Sai waƙar ta ɗauke. Kwaɗi ma suka yi shiru.

Wari ya cika rumfar, irin na ciyawar teku da ta kwana a ruwa.

Ɗis. Ɗis. A bayana.

Ban waiwaya ba. Na danna sifana da ƙarfi, ƙusar ta saki. Na ciccibi kan injin na saɓa a kafaɗa.

Igiyar ta ja kanta.

A gefen kunnena ta zaro, tsawon hannu, ta koma. Injin ya yi tari a kan ƙashina.

Ta sake ja.

"Ya ƙi tashi, Peni."

A hankali aka faɗa, muryar wanda ya gaji. Kowa Peniasi yake ce mini. Maikeli kaɗai ke yanke sunan.

"Tun safe nake ja. Ruwa na tafiya da ni."

"Kawu," na ce, "aro ne. Litiana ce."

Hannu mai sanyi, jiƙaƙƙe, ya sauka a kan nawa. Ba ni yake nema ba. Igiyar yake lalube.

Na fita da gudu, ƙarfen na dukan wuyana. Sau biyu na faɗi, ban sake shi ba.

Washegari na ɗaura shi a jikin injina. Ja ɗaya ya tashi. Kwana huɗu bayan haka naƙuda ta zo, muka isa Vunisea kan lokaci, aka ciro 'yata da rai.

Da aka cika kwana ɗari na ɗauki yagona da kan injin na je wajen gwaggo Torika, matar Maikeli. Na durƙusa na faɗi abin da na yi.

"Ai na sani," ta ce. "Kullum magariba nake jin yana jan igiyar nan. Tun ranar da ka ɗauke na samu barci."

"Na dawo da shi, Gwaggo."

Ta karɓi yagonar, ta tura ƙarfen da ƙafa.

"Na ba ka halak malak."

Kyauta kuma ba a mayarwa. Na kai wa Waisake, ya ce shi bai iya inji ba.

Kan injin yana nan a bayan ɗakina. Kullum in an buga gangar coci, sai Litiana ta toshe wa yarinyar kunne.