Takardar da ke Aljihun Dogo

Su uku ne a gidan: shi, ita, da 'yarsu mai shekara tara da suke kira Auta, duk da ba ta da ya, ba ta da ƙanwa. Ɗaki biyu suke haya a saman bene. Ba su da mota, firjinsu ma sai an mare shi a gefe yake tashi. Amma shekara goma sha ɗaya yana kan injin buga littattafai, bai taɓa dawowa gida da fuska a murtuke ba. Yakan shigo da tawada a farce, yana ba su labarin littafin da ya buga kamar shi ya rubuta.

Wata Asabar ta ɗauko shuɗiyar rigar aikinsa za ta wanke. Tana laluben aljihu sai ga takardar albashi a ninke. Ta dubi adadin da ke ƙasa, ta sake duba.

A falo ta same shi yana ɗinke wa Auta hannun jakar makaranta.

"Abban Auta, yaushe muka fara ɓoye wa juna abu?"

"Me kuma na ɓoye, Gimbiyata?"

"An ƙara maka albashi... kusan rabi... Ina nan ina ta ƙulle-ƙullen cefane, kai ko a jikinka."

Ya karɓi takardar yana dariya, amma dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Ya ɗora yatsa a sama, inda ita ba ta duba ba. Sunan Dogo ne, babban abokinsa. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki, inji ɗaya suke kai, a ƙusa ɗaya suke rataye riguna. Ashe rigar Dogo ya ɗauko jiya.

"Ka yafe min... wallahi ban duba sunan ba."

"Ba komai," ya ce. Sai dai bai ajiye takardar ba.

Daga ranar labarin littattafai ya ɗauke. Da safe sai ta tashe shi sau uku. In ta tambayi aiki, ya ce, "Yana nan." Dogo ya zo gaishe su da ledar ayaba, yana tsokanar Auta wai ta kusa kamo shi tsawo, amma maigidan ya shige ɗaki ya ce a ce yana barci. Ita ta yi wa baƙo ƙaryar, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sati uku bayan haka, da rana tsaka, ta dawo daga kasuwa ta tarar da akwatinsa a buɗe kan gado, yana zuba kaya a ciki. Auta na tsaye bakin ƙofa ta yi tsuru-tsuru.

"Tafiya za ka yi?"

"Na samu aiki a wani kamfanin kwalaye. Tafiyar yini ce. Suna ba da ɗaki, amma na mutum ɗaya. Zan riƙa zuwa duk bayan wata biyu."

"Kwalaye? Kai da kake shinshina sabon littafi kamar turare?"

"Ƙamshi ba ya biyan haya."

"Mun taɓa kasa biya?"

Ya ci gaba da ninke wando. "Shekara goma sha ɗaya... Ni na koya wa Dogo haɗa launi. Ni! Kullum muna cin abinci kwano ɗaya, yana kallona, ashe dariya yake min a ciki."

"Ka tambaye shi?"

"In tambaye shi me? In ce na leƙa aljihunsa?"

"Ni na leƙa. Ka ce matarka ce, marar haƙuri." Ta zauna a bakin gado, ta ɗora hannu kan kayan da ke akwatin. "Zan tambaye ka abu ɗaya, masoyi. In ka amsa min, da hannuna zan ƙarasa haɗa kayan nan. Nawa ne zai ishe mu a gidan nan?"

"Abin da za su ba ni ya fi na Dogo."

"Ban tambaye ka na Dogo ba. Nawa zai ishe mu, ni da kai da Auta?"

Ya dubi bango, ya dubi akwatin. Ta ga yana nema da gaske, kuma babu. Sati uku yana lissafi, bai taɓa yin wannan ba.

"Ban sani ba," ya ce a hankali.

"To za ka bar mu saboda abin da ba ka sani ba?"

Ya zauna kusa da ita, ya rufe fuska da tafukansa. "Zafi nake ji, Gimbiya. Kamar an ce min duk shekarun nan ban kai ba."

"Na sani. Kuma ban ce ka haɗiye ba. In an tauye ka, ka je gaban manaja ka faɗa masa ido da ido. In ya hana, mu nemi wani wurin tare. Amma kar ka hukunta mu a kan laifin da ba mu muka yi ba."

Ya sauke tafukansa daga fuska. Sannan ya kamo hannunta ya riƙe gam.

"Litinin zan shiga wurinsa. Amma sai na fara ganin Dogo... na wulaƙanta shi a gidana."

Hawayen da take riƙewa suka zubo. Ya ɗago ya dubi ƙofa. "Auta, zo ki taya ni mayar da kayan nan."

Yarinyar ta shigo da gudu ta rungumi rigunan. Ba ta san yadda ake yanka albashi ba, ba ta kuma san abin da manaja zai ce ba. Abin da ta gane shi ne, kuɗin Abbanta bai ragu da komai ba. Na wani ya gani, kuma saura kaɗan hakan ya raba su da shi.