Fitilar Batir Ba Ta Kama Ba

Da hantsin Laraba manajan wani ƙaramin asibiti ya shigo ofishin 'yan sanda yana huci. Jiya motarsu ta ɗaukar marasa lafiya ta mutu a tsakiyar titi da mai naƙuda a ciki, sai wani mai tasi ne ya ƙarasa da ita babban asibiti. Da aka buɗe bonet, aka tarar sabuwar altanetar da aka saka makon jiya, wato abin da ke cajin batir, ta rikiɗe ta koma tsohuwa matacciya.

"Mai wayarin ne, ranka ya daɗe," in ji Manaja. "Shi ya saka, shi ya cire."

Kafin azahar Sajen ya kamo mai wayarin, wanda ake kira Tartsatsi, har ya fara rubuta takardar kai shi kotu. Irin aikin da ke ƙona wa shugabansa Sufeto rai ke nan: mai kujera ya nuna mai baƙin hannu da yatsa, shi ke nan wai an gama bincike.

"Ajiye biron nan," in ji Sufeto. "Ka ga motar?"

"Ban gan ta ba, yallaɓai."

"To ɗauko mutumin naka mu je."

A harabar asibitin suka sami direban, wani dattijo, yana goge gilashi.

"Baba, jar fitilar batir ba ta kama maka ba kafin motar ta mutu?"

"Ko ƙiftawa ba ta yi ba."

"Babu abin da ya sauya a motar kwanan nan?"

"Ko kaɗan."

An riga an sa mata batirin aro. Sufeto ya shiga, ya murɗa makulli bai tayar da inji ba. Fitilar mai ta kama, ta birki ta kama. Gurbin ta batir kuwa duhu.

Ya sa aka kwance wa Tartsatsi hannu, aka miƙa masa sukudireba. Cikin minti biyar ya zaro allon agogunan ya juya bayansa.

"Ƙwan bai ƙone ba, yallaɓai. Zare shi aka yi, don kada ya nuna babu caji."

"Ai ku ne gwanayen zarewa," in ji Sajen.

"Haba Sajen, ka rufe ni in kana so, amma kada ka zage ni a sana'ata. Da ni ne, wayarta zan haɗa da ta fitilar mai, su kama tare, su mutu tare, a shekara ba a gane ba. Wannan aikin wanda bai iya ba ne. Duba, har ƙwayayen sigina ya musanya wa gurbi."

Sufeto ya waiwayi direba. Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya tun Litinin, in na ba da siginar hagu, kibiyar dama ce ke ƙiftawa."

"Wa ka gaya wa?"

"Tsohuwar mota ce, ɗana. Kullum da sabon halinta."

Da wannan magana ta "haka take" ake kashe mutane ba tare da an ɗauki wuƙa ba. Amma dai Sufeto ya sami rana: tun da sai Litinin siginar ta rikice, a ƙarshen mako aka taɓa motar.

Manaja ya rantse makullin yana kulle a durowarsa duk ƙarshen mako. Maigadi kuma da farko ya ce shi bai ga komai ba. Sufeto ya zauna kusa da shi a benci, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya nuna wata tsohuwar mota a ƙarƙashin bishiya.

"Waccan ta waye?"

"Ta Manaja. Wata uku ina tura ta safe da yamma, har bayana ya ƙage. Amma makon nan, alhamdu lillahi, bugu ɗaya take tashi."

"Tun yaushe?"

Maigadi ya fara lissafi da yatsu, sai ya tsaya cak.

"Tun Lahadi. Ranar da ya fita da ta asibiti, wai zai kai ta wanki."

Aka kira Manaja ya buɗe bonet ɗinsa. Komai a ciki baƙi ne ƙirin, ban da altaneta, tana ta sheƙi. Tartsatsi ya leƙa ya ce ita ce.

"Aro na yi," in ji Manaja, murya ƙasa ƙasa. "Motar nan sai ta yi wata ba ta fita ba. Niyyata in mayar."

"Ka zare fitila don kada ta tona ka, sannan ka tako da ƙafarka ka kawo ƙarar wani. Sajen, sa masa ankwa."

Aka wuce da shi mota, ma'aikatan jinya suna kallo ta taga.

"Kana iya tafiya gida," Sajen ya ce wa Tartsatsi.

"A'a. A gareji kuka ɗauke ni, a gaban maƙwabta da masu kawo mini aiki. Can za ku mayar da ni, a gabansu."

Sajen ya dubi Sufeto yana neman ceto.

"Gaskiyarsa," in ji Sufeto. "Mu fara biyawa ta garejin. Kai za ka yi musu bayani, kuma ka ɗaga murya."